Sunan da Inna Ta Samo a Bayan Riga

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan Yaya Hamidu ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, kamar sauran gidajen Fulanin da suka daɗe da zama a Burumburum, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta hira da shi, ba ta ma kallon fuskarsa. In tana son a miƙa masa abu sai ta ce da ni, "Barakatu, kai wa wancan." In ya daɗe a waje sai ta tambayi bango, "Shi kuma mutumin ina ya tsaya?" Akwai wani mai tallan manja da ake kira Hamidu, shi ma sai da ta sauya masa suna, ya koma Mai Jarka.

A hannun kakarmu Yaya ya tashi. Da ta rasu, mahaifinmu ma ya riga ya rasu, sai ya dawo ya zama namijin gidan. Yana noma wa Inna gona, tana dafa masa abinci, amma duk maganar da ke tsakaninsu ta kaina take bi. Abu ɗaya na lura da shi: in ya juya zai fita, a nan take ɗaga ido. Takan bi bayansa da kallo har ya shige zaure. Na tabbata ta fi sanin ƙeyarsa da kafaɗunsa fiye da hancinsa.

Filin makarantar firamare yana bayan gidanmu, dangar kara ce kawai tsakani. A nan samarin gari suke buga ƙwallo bayan la'asar. Sun sa wa ƙungiyarsu suna Walƙiya, mai kula da su kuwa Gwadabe ne mai gyaran keke, wanda suke kira Koci. A shekarar da aka nuna 'yan ƙasarmu a talabijin suna buga gasar duniya, samarin suka yi ta aikin gona a gonakin mutane har suka sayo riguna shuɗaye goma sha ɗaya daga Kano. Rigunan ba su da lamba. Yaya ya ce ƙanwarsa ta iya ɗinkin hula, lamba ba za ta gagare ta ba.

Suka zauna a zaurenmu, Gwadabe yana zana lambobin da gawayi a kan kwalin sukari, ni ina bayan ƙofa ina jira a miƙo mini.

"Ni tara nake so," in ji Yaya.

"Kai ne za ka zaɓa? Wurinka ne zai zaɓa maka," Gwadabe ya ce. "Ɗaya mai tsaron gida. Biyu da uku suna gabansa, dama da hagu. Haka ake ƙirgowa daga baya har a zo gaba. Tara na tsakiya ne, mai jefa ƙwallo a raga. Kai da kake tsere a gefen dama kamar ka sato kaza, bakwai ce taka."

"To goma fa?"

"Goma ta mai kai ce. Kai ƙafa gare ka."

Duk suka kwashe da dariya. Gwadabe ya ƙara da cewa, "Kuma ka ji da kyau. Ranar da na mayar da kai baya, ka tuɓe ta ka ba wani. Lambar ta wurin ce."

Na yanka lambobin daga ragowar wani farin yadi, na yi ta ɗinki a gindin turmi. Inna ba ta san rubutun boko ba. Tana wucewa ta tsaya a kaina, ta nuna ɗaya da ƙafa.

"Wannan mai kama da fartanya ta wa ce?"

"Ta Yaya ce, Inna. Bakwai ke nan."

Ta wuce madafa.

A gidanmu ake wanke rigunan. Ni ke wankewa, ni ke kwashe shanya, amma kullum in na zo kwashewa sai in tarar mai fartanyar ba ta kan igiya. Inna ta riga ta cire ta, ta ninke, ta ajiye a gefen gadonta har sai an zo karɓa.

Wata ranar Asabar 'yan Kiru suka zo wasa. Muna cikin gida muna jin fili ya ɗauka, "Bakwai! Bakwai! Ba shi! Bakwai!" Da aka tashi Yaya ya shigo duk jikinsa taɓo, yana ɗingishi. Inna tana tuƙa tuwo. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Bakwai, ga ruwa can ka wanke ƙafa."

Yaya ya tsaya cak a tsakar gida. Sannan ya ce, "Na'am, Inna."

Da na kai masa tuwo ɗakinsa ya riƙe bakin zanena. "Kin ji? Kin dai ji ko? Ni ta kira." Saurayi mai gemu yana murna kamar an saya masa takalmin salla.

Goggo Safara'u, ƙanwar mahaifinmu, da ta ji labari sai da ta zo takanas.

"Furera, ashe kin samo ɓarauniyar hanya? Kunyar ta ƙare ke nan?"

"Ni suna na faɗa?" in ji Inna. "Ƙirge na yi."

Daga ranar ba ta sake cewa wancan ba. Bakwai ya ci abinci? Bakwai, a dubo akuyar nan. Bakwai, hadari ya taso. Har yanzu ba ta kallon fuskarsa, amma ta sami abin kira, shi kuma ya sami abin amsawa. Damina biyu muka yi a haka.

Sai bazarar sanƙarau ta zo. Inna ce ta fara kwantawa, wuyanta ya ƙage. Yaya ya ɗauke ta zuwa Tudun Wada, inda aka kafa rumfuna saboda yawan marasa lafiya. Yana jinyarta shi ma ya kwanta. Inna ba ta san inda kanta yake ba lokacin da ya cika, ba ta sani ba lokacin da aka kai shi. A can aka binne shi.

Ta tashi, amma ciwon ya tafi da kunnenta na hagu. Da aka dawo da ita gida aka faɗa mata, ta yi salati, ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yaba mata. "Kai, Furera akwai haƙuri. Furera akwai kunya."

Filin ya yi shiru wata da watanni, don ba gidanmu kaɗai aka yi rashi ba. Sai da damina ta yi nisa, rediyo ya kawo labarin 'yan ƙasarmu sun ciwo wata babbar gasa a ƙasar waje, sannan samarin suka share ciyawa suka dawo. Gwadabe bai sake aiko da wanki gidanmu ba. Na ji daɗin hakan.

Ranar da abin ya fara, Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ni ina gyaran zogale. Muka ji usur, muka ji ƙarar ƙwallo. Can sai wani ya ɗaga murya a bayan danga.

"Bakwai! Ga ka nan, Bakwai!"

Rariyar ta tsaya a hannun Inna. Ta karkata kai, ta juya kunnenta mai ji wajen dangar. Wasu suka karɓa, "Bakwai! Bakwai!" Tsigar jikina ta tashi, duk da na san wani suka ba rigar.

Inna ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Ki ɗora ruwa. Da taɓo zai shigo."

"Inna..."

"Ki ɗora ruwa na ce."

Na ɗora. Da ta kwashe tuwo ta ɗauko kwanon Yaya, mai murfin da ya lotsa, ta zuba malmala biyu ta rufe, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ruwan ya huce a bokiti. Da safe na juye tuwon na ba kajinmu da ke kwana a gindin rumbu, na wanke kwanon kafin ta fito. Ta duba ta ga ba komai a ciki, ta ce, "Ya ci."

Wannan ne kuskurena na farko, don washegari ma ta zuba. Hatsinmu ya ja baya a lokacin, sabo bai iso ba, sai ta koma zuba masa nata rabon. In na yi magana ta ce ta ƙoshi. Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Da la'asar ta yi, duk abin da take yi sai ta ajiye, ta je ta tsaya jikin danga da kunnenta na dama. A sauran al'amura lafiyarta ƙalau. Tana salla a kan lokaci, tana gane kowa, tana ciniki da masu tallan nono. Goggo Safara'u ta karɓo rubutu wajen malam, Inna ta shanye ta yi godiya, la'asar na yi ta koma jikin danga. A bakin rijiya na fara jin mata suna rage murya in na iso. Ita kaɗai ta rage mini, ga ta tana ƙarewa a gabana.

Ni ba mai fita ba ce, ko gaisuwa in zan yi wa namiji sai muryata ta maƙale. Amma wata safiya na ja mayafi na tafi rumfar Gwadabe a gindin dalbejiya. Na same shi ya tura tayar ciki a cikin kwanon ruwa yana neman inda take tsiyaya. Na durƙusa na gaishe shi, na tsura wa kumfar ido.

"Barakatu? Lafiya dai? Yaya ƙarfin jikin Inna?"

"Da sauƙi."

Ya jira. Da ƙyar na ce, "Rigar Yaya ce. In an kira, tana ji."

Ya saki tayar a ruwa. Na gaya masa maganar kwano da danga, kaina a ƙasa.

"Innalillahi," in ji shi. "Wallahi ban kawo wannan ba. Shitu na ba, ɗan Rabi mai ƙosai, shi ne ke iya gefen dama." Ya goge hannu a wandonsa. "Na taɓa ji a rediyo, a wasu ƙasashe in babban ɗan wasa ya mutu sukan ajiye lambarsa, ba mai ƙara sawa. To su suna da riguna. Mu goma sha ɗaya gare mu cif, in na ajiye ɗaya, yaro zai shiga fili tsirara."

 

"Tsaya," ya ce. "Ai a talabijin mun ga masu sha huɗu, mun ga masu ashirin. Yanzu abin ya fara sauyawa. Ki cire bakwai ɗin ki ɗinka sha biyu. In alƙalin wasa ya yi magana ni zan ji da shi. Ba bakwai a fili, ba mai kiran bakwai."

Ya ba ni rigar a cikin leda. Na jira Inna ta shiga maƙwabta barka, na zauna a bayan ɗaki da reza. Ɗinkina ne, na san inda na ƙulle kowane zare. Na ɓanɓare farin ƙyallen na ɗaga rigar.

Bakwai ɗin tana nan. Rana da wanki sun koɗar da rigar duka ta yi fari-fari, amma inda ƙyallen ya rufe shuɗin yana nan da duhunsa kamar ranar da aka sayo. Fartanyar ta fito sosai, har da ƙananan hujojin allura a gefenta. Na wanke da sabulu, na cuɗa da toka, na shanya a rana. Ba ta gushe ba. Na yanka ɗaya da biyu na ɗinka, na matso da su kusa da juna iya yadda zan iya, amma kan fartanyar ya leƙo ta sama, ƙotarta ta ratsa ta tsakaninsu. Haka na mayar masa da ita, don da yamma suna da wasa.

La'asar ta yi, aka busa usur. Ina tsaye a madafa ina addu'a a zuci. Ba a jima ba na ji, "Bakwai! Gudu, Bakwai!" Mutanen gari ba bayan riga suke karantawa ba. Duk wanda ya tsere a gefen dama, sunansa ke nan a bakinsu.

Ranar Inna ba ta tsaya a saurare ba. Ta sa hannu ta buɗa karan dangar, ta kafa ido. Ta daɗe a haka. Da ta juyo fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

"Wani ya cire masa lamba," ta ce. "Sun liƙa masa wasu abubuwa. Amma tana nan, Barakatu. Na gan ta a bayansa, kamar inuwa."

Da aka tashi wasa ta yafa mayafi ta nufi zaure. Na bi ta. Samarin suna wucewa ta ƙofar gidanmu, suna ta musu a kan wata ƙwallo. Shitu yana ƙarshe, ya riga ya gota mu, bayansa kawai muke gani. Tsayinsu ɗaya da Yaya, har yadda yake jefa ƙafar hagu.

Inna ta ce, "Bakwai."

"Na'am," in ji Shitu, tun kafin ya waiwayo. Makonni ke nan ana kiransa haka, bakinsa ya saba. Da ya juyo ya ga mai kiran, sai ya daskare. Inna kuwa ta riga ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi wa Yaya. Ba ta ga fuskarsa ba.

"Shigo ka ci abinci," ta ce, ta juya ciki.

Shitu ya dube ni.  Babbar mace ta kira shi, kuma uwar abokinsa, ina zai ce a'a? Ya shigo ya wanke ƙafa da ruwan da ke bokiti, ya zauna a ƙofar ɗakin Yaya, ya buɗe kwanon.  Inna tana can gefe ta ba shi rabin baya tana tsince wake. Da ya tashi zai fita ta ɗaga ido ta bi bayansa da kallo har ya shige zaure. A daren ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Haka aka shiga yi. Duk ranar wasa ta tare shi a zaure, ya shigo ya ci. Inna ta fara mayar da jiki. Goggo Safara'u ta ce, "To, in wannan ne maganin, a bar shi mana. Yaron ma ya samu tuwon banza." Amma ba ta yi dariya ba da ta faɗa, kuma ta daina zuwa gidanmu da yamma.

Ni ina ganin abin da Inna ba ta gani, wato fuskar Shitu. Yaro ne mai surutu da tsokana, ya koma shiru. In ta ce, "Bakwai, akuyar nan ta sake tsinke igiya," sai ya tashi ya ɗaure ta, a turken da Yaya ke ɗaure ta, ba tare da an nuna masa ba. Wata rana ya shigo yana ɗingishi da ƙafar da Yaya ke ɗingishi da ita. Na tambaye shi a zaure ko ya ji ciwo ne. Ya dubi ƙafar ya ce, "A'a."

Sai ga Rabi, mahaifiyarsa, wata safiya, ko kaskon ƙosanta ba ta wanke ba. Ba ta shiga wajen Inna ba, ta ja ni zaure.

"'Yar nan, ina tausayin uwarki, Allah ya sani. Amma jiya na kira yaron nan, Shitu, Shitu, yana zaune kusa da ni kamar nan da can, bai waiwayo ba. Sai da ƙaninsa ya ce Bakwai." Ta share ido da bakin zane. "Ni ma shi ne babba a wajena. Ba zan ba kabari aronsa ba. Yau zai kawo muku rigarku, daga nan ya gama."

Yinin ranar ban iya cin komai ba. In Shitu ya daina zuwa, Inna za ta koma jikin danga, ta koma ba kwano abincinta. In wani ya sa rigar, shi za ta tare a zaure.

Bayan la'asar ya yi sallama. Kayansa na gida ne a jikinsa, rigar tana ninke a hannunsa. Ya durƙusa a tsakar gida. Inna tana kan tabarma tana kaɗa miya, idonta a ƙasa.

"Bakwai, yau da wuri?"

Shitu ya ƙanƙame rigar. 

"Bakwai?"

"Na'am, Inna," ya ce, hawaye suna zubo masa.

Ban san lokacin da na durƙusa a gefenta na dama ba, wajen kunnen mai ji. Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba.

"Inna, duk wanda ya sa rigar nan zai amsa. In Yaya kike kira, ki kira shi da sunansa."

Maburgin ya tsaya. "Ke, ba ki da kunya?"

"Ba kowa a nan, Inna. Sau ɗaya kawai."

 A bayan danga ana ta buga ƙwallo, amma ranar ba a kira kowace lamba ba. Na ga leɓɓanta suna gwadawa ba sauti, kamar mai koyon karatu. Sannan ta faɗa, a hankali, sunan ya fito wani iri a bakinta don bai saba da wurin ba.

"Hamidu."

Shitu ya sunkuyar da kai, bai amsa ba.

Ta karkata kunne ta jira. Ta ƙara ɗaga murya. "Hamidu."

Akuya ta ja igiyarta. Wata kurciya ta tashi daga kan rumbu. Inna ta miƙe, ta je ƙofar ɗakinsa ta ɗaga labule, ta kira a cikin ɗakin. Ta je jikin danga ta kira da ƙarfi, har ƙarar ƙwallon ta tsaya a fili. Duk samarin sun ji, kuma duk sun san sunan, ba wanda ya ce uffan. Ta tsaya a nan tana jira, kunnenta a jikin kara, har na fara jin kamar ni ma zan ji an amsa.

Sannan ta juyo. Ta zo gaban Shitu ta dube shi a fuska, ta daɗe tana dubansa.

"Kai ɗan Rabi ne."

"Ni ne, Inna."

"Shitu."

"Na'am."

Ta zauna a ƙasa. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Tana yi tana kiran sunan, kamar tana biyan duk na shekarun da ba ta faɗa ba. Matan maƙwabta suka shigo a guje, wasu ba ko mayafi, suna tambaya wa ya rasu. Wata ta kama kafaɗarta tana cewa, "Haba Furera, ɗan fari ne fa, ki tuna." Goggo Safara'u, da ta shigo a bayansu tana haki, ta janye hannun matar.

"Ku ƙyale ta. Yau aka yi mata rasuwa."

Kwana biyu Inna tana kwance. A na uku ta tashi ta yi wanka, ta sha kunu. Ta ɗauki kwanon mai lotsattsen murfi ta wanke da kanta, ta kife a kan sauran kwanuka. Rigar tana nan inda Shitu ya ajiye ta, a kan turmi. Ta ɗaga ta, ta juya bayan, ta shafa inuwar da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ina farin da kika cire?"

Ashe ta sani. Na ɗauko shi daga ƙarƙashin tabarmata.

"Mayar musu da abarsu yadda take," ta ce. "Yara suna jira."

Na cire ɗaya da biyu, na ɗora farin ƙyallen a kan inuwarsa. Ya zauna daidai, allurar ma tsofaffin hujojin ta riƙa bi. Shitu bai sake sa ta ba. Da ya dawo wasa bayan kaka, Gwadabe ya mayar da shi baya, ya ba shi uku. Wani yaro daga unguwar gabas ya karɓi gefen dama.

Har yanzu da la'asar ana kiran bakwai a bayan danga. Inna ba ta tashi, tankaɗenta take yi. Ni ce ma wani lokaci nake ɗagowa. Sunan kuwa yanzu tana faɗarsa ko a gaban wa. Gonar Hamidu, akuyar Hamidu, shekarar da Hamidu ya karye a hannu. Tsofaffi sun yi ta magana har sun gaji. Sai dai duk sanda ta faɗa takan ɗan dakata, ta karkata kai wajen dama kaɗan, kafin ta ci gaba da maganarta.